Ma'aunin Yale na Jarabar Abinci

Ma'aunin Yale na Jarabar Abinci, wanda aka fi sani da YFAS, takardar tambayoyi ce da mutum yake cikewa da kansa domin a gano ko yadda yake cin wasu nau'o'in abinci, musamman masu zaƙi da maiƙo, ya yi kama da halin wanda ya kamu da jarabar taba ko ta ƙwaya. Shi ne ma'aunin da aka fi amfani da shi a wannan fanni.

Tarihi

Ana yawan danganta shigowar kalmar jarabar abinci cikin rubuce-rubucen likitanci ga wani likita ɗan Amurka, Theron Randolph, a shekarar 1956. Batun ya daɗe a kwance, sai a farkon wannan ƙarni ya farfaɗo, lokacin da Bart Hoebel da Nicole Avena na Jami'ar Princeton suka nuna cewa ɓerayen da ake ba ruwan sukari jefi-jefi sukan afka masa da haɗama, sukan kuma shiga rashin sukuni idan aka janye shi.

A 2009 ne Ashley Gearhardt da William Corbin da Kelly Brownell, a Jami'ar Yale, suka wallafa ma'aunin mai tambayoyi 25. Sun ɗauko alamomi 7 na dogaro da kayan maye daga bugu na huɗu na kundin Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka, wato DSM, suka juya su kan abinci, daga cikinsu akwai: cin fiye da abin da aka yi niyya, kasa ragewa, buƙatar ƙari kafin a ji gamsuwa, da ci gaba da ci duk da an san yana cutarwa. Sai mutum ya nuna alamomi 3 ko fiye cikin wata 12 da suka wuce, tare da damuwa ko tangarɗa a rayuwarsa, sannan a ce ya cika sharaɗin. A kan ɗaliban jami'a 353 aka fara gwada shi. Bayan fitowar bugu na biyar na kundin a 2013, an sabunta ma'aunin a 2016 zuwa tambayoyi 35 da alamomi 11, aka kasa sakamakon gida uku: mai sauƙi, matsakaici da mai tsanani. Akwai gajeren nau'i mai tambayoyi 13, akwai kuma na yara.

Fassara da tantancewa

An fassara ma'aunin zuwa Jamusanci da Faransanci da Sifaniyanci da Sinanci da Turkanci da Larabci da wasu harsuna. Bisa ƙa'ida, wani ne zai fassara, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar da fassarar zuwa Ingilishi, sannan kwamitin masana ya gwama su, a jarraba a kan mutane kaɗan kafin a kai ga masu yawa. Daga nan ake duba ko tambayoyin suna tafiya tare, da ko mutum zai ba da irin amsar da ya bayar idan aka sake tambayarsa bayan 'yan makonni.

Wahalar ta fi yawa a jerin misalan abincin da ke saman takardar, domin na teburin Amurka ne: askirim, cakulan, piza, naman alade da lemon kwalba. Shinkafa ma tana ciki, alhali a ƙasashe da dama ita ce abincin yau da kullum, don haka masu fassara sukan sauya misalan. Kalmomin su ma ba su da sauƙi. Mai fassara zuwa Hausa zai tarar da kwaɗayi da haɗama da jaraba, kowace da nauyin zargin da take ɗauke da shi, wanda zai iya sa mai amsawa ya ɓoye gaskiya.

Yawan masu alamomin

Wani nazari da mujallar likitanci ta BMJ ta buga a 2023, bisa bincike 281 daga ƙasashe 36, ya ƙiyasta cewa waɗanda suka cika sharaɗin ma'aunin sun kai kashi 14 cikin 100 a tsakanin manya da kashi 12 a tsakanin yara.

Saɓani

DSM bai amince da jarabar abinci a matsayin cuta ba, haka ma kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya. Wasu masana suna ganin ɗabi'ar cin ce ake kamuwa da ita, ba sinadaran abincin ba, wasu kuma sun ce ma'aunin ya yi tarayya sosai da cutar cin abinci fiye da kima a zama ɗaya.