Kason kitse a jiki: me ake nufi da shi, kuma ya ake auna shi ba tare da an kashe kuɗi ba?

Idan ka ji masu zuwa jim, wato gidan motsa jiki, suna cewa wane kitsensa kashi 15 ne, wance nata kashi 28 ne, abin da suke nufi shi ne a cikin nauyin mutum gaba ɗaya, kashi nawa cikin ɗari ne kitse zalla. Sauran kuwa tsoka ce da ƙashi da ruwa da kayan ciki. Misali mutum mai kilo 80, in kilo 16 daga ciki kitse ne, to kason kitsensa kashi 20 ke nan.

Sikelin da muke hawa a kemis ko a asibiti ba ya faɗa maka wannan, shi dai nauyi kawai ya sani. Shi ya sa za ka ga mutum biyu tsawonsu ɗaya kilonsu ɗaya, amma ɗaya ɗan dako ne jikinsa a murɗe, ɗayan kuma ƙafafu sirara ga tumbi a gaba. Lissafin BMI ma, wanda ake raba kilo da tsawo sau tsawo, cewa zai yi su biyun daidai suke. Asalinsa wani masanin lissafi ne ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya fito da shi a wajajen 1830 don nazarin jama'a da yawa, ba don duba mutum ɗaya ba.

Kitse fa ba abokin gaba ba ne, jiki ba ya rayuwa babu shi. Namiji yana buƙatar aƙalla kashi 2 zuwa 5, mace kuwa kashi 10 zuwa 13 saboda yanayin halittarta da haihuwa. A jadawalin da masu horar da jiki suka fi amfani da shi, namiji mai kashi 18 zuwa 24 matsakaici ne, mace 25 zuwa 31, in namiji ya kai 25 ko mace ta kai 32 to ƙiba ta fara yawa. Don haka 'yar'uwa kar ki gwada lambarki da ta maigida ki tayar da hankalinki.

To ya ake aunawa? Ɗaya daga cikin na'urorin da suka fi daidai ita ce DEXA, mai ɗaukar hoton jiki gaba ɗaya, sai dai tsada gare ta kuma ba kowane gari ake samunta ba, mu bar ta.

Akwai sikelin nan na zamani da ake haɗawa da waya, ka taka ƙarfen ƙafa ba takalmi, ya tura wata 'yar wutar lantarki da ba a ji ta ratsa jiki. Tsoka ruwa ne da ita sosai, wutar tana wucewa cikin sauƙi, kitse kuma yana tare ta, daga nan na'urar take kintace. Matsalar ita ce komai ya dogara da ruwan jikinka a lokacin, in ka hau da azumi a bakinka da la'asar cikin zafin Afrilu zai ba ka lamba, ka sha ruwa ka ci abinci ka sake hawa ya ba ka wata daban, alhali kitsen bai je ko'ina ba. Kuma yawancinsu wutar ta ƙafa ɗaya take shiga ta fita ta ɗayar, ba ta leƙa saman jiki sosai. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kada ya hau sam, mai juna biyu ma ba don ita aka yi ba.

Akwai kuma ɗan matsi mai kama da hantsaki da ake kama fata da shi a auna kaurinta, maza a ƙirji da ciki da cinya, mata a bayan damtse da saman ƙugu da cinya. Na roba ba shi da tsada amma yana son hannun da ya saba, kuma kai kaɗai da wuya ka yi wa kanka daidai.

Ni dai wanda nake ba mutane shawara shi ne tef ɗin tela, wanda kusan kowane gida akwai shi ko a maƙota. A 1984 sojojin ruwan Amurka suka fito da lissafin da aka gina a kan tef kaɗai. Namiji zai auna tsawonsa, da wuyansa a ƙasan maƙogwaro, da cikinsa daidai cibiya. Mace za ta auna tsawo da wuya, da inda ya fi siranta a tsakiyarta, da inda ya fi faɗi a ƙugu. Sai a zuba lambobin a kalkuletar lissafin kitsen jiki ta intanet, kyauta ce, ta fitar da kason. Yakan kauce da kashi 3 ko 4 sama ko ƙasa, amma sikelin mai tsadar ma bai fi shi daidai ba.

In ma lissafin ya yi maka yawa, ga wanda ya fi sauƙi kuma a ganina ya fi amfani: zagayen cikinka kada ya kai rabin tsawonka. Mai tsawon santimita 170, cikinsa ya tsaya ƙasa da 85. Ko tef babu, samu igiya ka auna daga ƙafa zuwa kai, ka ninka ta biyu ka zagaya cikinka, in bakin biyu ba su haɗu ba to akwai aiki. Hukumar NICE, mai ba da shawarwarin kiwon lafiya a Ingila, ta sa wannan cikin shawarwarinta a 2022. Dalili kuwa kitsen da ke cikin tumbi, wanda yake naɗe hanta da hanji, shi ne ya fi alaƙa da ciwon suga da hawan jini, ba na cinya ko na damtse ba. Wallahi abin yana damuna yadda muke kallon tumbi a matsayin alamar hutu da samun wuri, mutum siriri ne a ko'ina sai cikin, ana ta yi masa kirarin Alhaji, shi kuma bai taɓa gwada suga ba.

Wajen wannan awon na rabin tsawo, a yi shi da safe kafin a karya, a ɗaga riga tef ya taɓa fata, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, a saki numfashi, kar a shanye ciki kuma kar a matse tef ɗin. Lambar wandonka ba ita ce awon ba, don yawancinmu a ƙasan tumbi muke ɗaure wando. A rubuta lambar a takarda, a sake bayan sati biyu ko wata guda da tef ɗin nan dai kuma a wuri ɗaya. In ta haura rabin tsawo, a je a gwada suga da hawan jini.