Me ake nufi da rundunar ruwa mai dogon zango?

Idan masana harkar tsaro suka ce ƙasa ta mallaki rundunar ruwa mai dogon zango, suna nufin jiragen yaƙinta na iya barin gaɓar gida su shafe watanni suna aiki a tekun da ke nesa, ba tare da yunwa ko ƙarewar mai ta koro su ba. Yawan jirage kaɗai ba ya kai ƙasa wannan matsayi.

A kan China aka fi yin wannan magana yanzu. A watan Disamban 2008 ta tura ayarinta na farko zuwa mashigin tekun Aden domin yi wa jiragen 'yan kasuwa rakiya saboda 'yan fashin tekun Somaliya. Jirage uku ne, biyu na yaƙi, na ukun kuwa Weishanhu, mai dakon mai da abinci. A ganina wannan na ukun ya fi cancanta a zuba masa ido. Yakan jera da jirgin yaƙi kafaɗa da kafaɗa, duka biyun suna tafiya da gudu ɗaya, igiyar ruwa na jijjiga su. Sai a harba igiya daga wannan zuwa wancan, a ja tiyo a kanta a riƙa ɗura mai, ana kuma tsallakar da kwalayen abinci. Kuskure kaɗan daga matuƙi, jiragen su yi karo. Sai an yi shekaru ana maimaitawa kafin hannu ya faɗa. Weishanhu ɗin nan yana cikin jirage uku na China da suka ziyarci Legas a watan Yulin 2023.

Amma jirgin dakon ma yana buƙatar inda zai sake lodi, injin da ya lalace kuma sai a tasha. Shi ya sa a 2017 China ta buɗe sansaninta na farko a ƙetare, daf da mashigin Babul Mandab, a Jibuti, ƙasar da Amurka da Faransa ma ke da sansani.

Manyan jiragen ruwan China da ke ɗaukar jiragen sama, irin su Liaoning da ya fara aiki a 2012 da Shandong a 2019, su suka fi jan hankalin 'yan jarida. Wani abin da ke damun Indiya da Amurka kuwa shi ne tashoshin kasuwanci, kamar Hambantota ta Siri Lanka da wani kamfanin China ya karɓa haya ta shekara 99, domin tashar da ke sauke kwantena yau, gobe tana iya ɗura wa jirgin yaƙi mai.