"Shi ne, na gan shi da idona": ɗaukaka ƙara bayan hukuncin fashi

A ce dare ne a Zinder, an ɗauke wuta, wani ɗan kabu-kabu yana komowa daga wajen kasuwar Dole. Mutum biyu suka tare shi da adda, suka ƙwace moto da salula. Bayan kwana uku aka kira shi komisariya, wato ofishin ƴan sanda, aka nuna masa wani saurayi zaune shi kaɗai da ankwa a hannu, aka ce: shi ne? Ya ce shi ne. Ba a samu moto a wurin saurayin ba, ba a samu adda ba, amma kotu ta ɗaure shi. Me ya rage wa iyayensa?

Abu na farko shi ne lokaci. Dokar tsarin shari'ar laifuka ta Nijar, wadda asalinta na 1961 ne, ta ba wanda aka yanke wa hukunci a gabansa kwana 10 ya ɗaukaka ƙara, abin da mutane ke cewa yin apel. Ana rubuta shi a wurin magatakardan kotun da ta yi hukuncin, wanda ke gidan kaso kuma yana iya sanar da shugaban gidan a rubuta masa. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda dangi ke cinye kwanakin nan suna zarya gidajen manya neman alfarma, wa'adi ya wuce ba wanda ya sa hannu a komai.

Kotun ɗaukaka ƙara tana nan Zinder, kuma tana sake duba shari'ar gaba ɗaya, har da abin da shaidu suka faɗa. A tsarinmu alƙali yana hukunci ne da abin da ya gamsu da shi a zuciyarsa, daga hujjojin da aka baje a gabansa. Doka ba ta ce sai shaidu biyu ba, don haka cewa "ai mutum ɗaya ne ya nuna shi" ba ya rushe hukunci. Amma idan shakka ta rage, wanda ake tuhuma ne ke cin moriyarta.

A nan aikin lauya yake. Ba sai ya ce ɗan kabu-kabun maƙaryaci ne ba; galibi mutumin da gaske yake yi, an cuce shi, kuma ya yarda da abin da ya faɗa. Tambayar ita ce yadda ya gani. Wane haske ke wurin? Daƙiƙa nawa abin ya ɗauka? Wanda aka ɗora wa adda a wuya, idonsa na kan addar, ba kan fuska ba. Ɓarayin sun naɗe fuska da rawani? Ya san saurayin a unguwa tun da, ko ranar ya fara ganinsa? Sai a buɗe takardar bayaninsa na farko a wurin ƴan sanda ko jandarma: in ya ce dogo ne baƙi mai tabo a kunci, wanda ke tsare kuma gajere ne ba tabo, wannan magana ce mai nauyi. Haka ma yadda aka nuna shi. Fito da mutum ɗaya da ankwa tamkar an riga an ba shaida amsa ne, ba kamar a jera shi cikin mutane masu kama da shi ba. Kuma duk maimaicin da shaidan zai yi daga baya, gaban alƙalin bincike ko a zauren kotu, fuskar da ya gani a komisariya yake tunawa.

In saurayin yana wani wuri a daren, a kawo waɗanda ke tare da shi, a nemi kotu ta saurare su.

Akwai haɗari guda da ya kamata a sani. Idan shi kaɗai ya ɗaukaka ƙara, ba a ƙara masa hukunci. Amma idan mai gabatar da ƙara na gwamnati shi ma ya ɗaukaka, hukuncin na iya yin sama. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar ANAJJ, wadda ke taimaka wa marasa hali a harkar shari'a.

Bayan Zinder sai babbar kotu a Yamai, ita kuwa ba ta sake tambayar ko akwai haske a daren. Abin da take dubawa kawai shi ne ko an bi doka daidai.