Wai abu mai nauyi ya fi saurin faɗowa?

Tun zamanin Aristotul, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ake ɗauka cewa babban dutse yana riga ƙarami isa ƙasa. Sam ba haka ba ne.

Tabbas babban dutse da ke sama ya fi ƙarami makamashi a ajiye, kuma shi ne ke juyewa ya zama makamashin motsi yayin faɗowa. Sai dai girman da ya ba shi makamashin, shi ke sa motsa shi ya yi wuya, sai lissafi ya tashi kunnen doki: kowace daƙiƙa, saurin kowannensu na ƙaruwa da kusan mita 9.8 a daƙiƙa.

Iska ce ke ruɗa mu, don ta fi rage wa abu mara nauyi saurin faɗowa. A 1971, ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka dira tare.