VAR: amsar tambayoyin da kuka ishe ni da su

Ina da gidan kallon ƙwallo a nan Jos, ta wajen titin Bauchi. Duk Asabar da Lahadi, da alƙalin wasa ya ɗora yatsa a kunne sai a juyo kaina, wai in yi bayani. Tambayoyin ba sa canzawa, masu yin su ne kawai suke sauya riga. Ga amsoshin a rubuce. Wanda ya sake tambayata, nan zan turo shi.

Wai na'ura ce take yanke hukunci?

A'a, VAR mutum ne, wato mataimakin alƙali mai duba bidiyo. Alƙalin wasa ne kamar na cikin fili, yana zaune a ɗaki gaban allunan talabijin, da mataimakinsa da mai juyo masa hoton. Na gasar Firimiya suna zama ne a Stockley Park, yammacin Landan, ko da a Newcastle ake wasan. Shi nasa shawara, hukuncin ƙarshe na mai usur ne. Wanda bai riƙe wannan ba, sauran amsoshin ba za su amfane shi ba.

Yaushe aka fara?

Hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallo ta amince a gwada a 2016, ta sa shi cikin doka a watan Maris na 2018. Jamus da Italiya sun fara a 2017, kofin duniya na Rasha a 2018, Ingila sai a 2019. A kofin Afirka an fara da na Masar a 2019, daga wasan kusa da na kusa da na ƙarshe.

Me ya sa bai duba jifan da aka ba su ba, alhali namu ne?

Ba aikinsa ba ne. Abu huɗu aka ɗora masa ranar da aka sa shi a doka: ƙwallo ta shiga ko ba ta halatta ba, fanareti, jan kati kai tsaye, da kuma idan an ba wani kati a madadin mai laifi. A nan ɗin ma sai kuskuren ya fito fili ƙarara, ko alƙali bai ga abin ba sam. Da kowane jifa za a tsaya dubawa, da wasan ƙarfe uku sai bayan Isha'i.

Gaskiya dai ba a son ƙungiyarmu, ko?

Haba samari. 'Yan Arsenal sun faɗa mini haka, 'yan Man U sun faɗa, 'yan Chelsea sun faɗa, wani lokaci a rana ɗaya. 'Yan Barcelona sun ce na Madrid ne, 'yan Madrid sun ce na Barcelona ne. To wa ake so? Kai ɗan Man U da kake kuka yau, ina kake a watan Maris na 2019, da aka duba hannun Kimpembe a Paris a mintin ƙarshe, Rashford ya buga fanareti kuka fitar da PSG? A daren nan babu wanda ya ce mini an ɓata ƙwallo. Kuna riƙe wadda aka hana ku shekara biyar, wadda aka ba ku kuwa kafin ku isa gida kun manta.

To ƙwallon Luis Diaz fa? Ita ma za ka kare su?

Ba zan kare ba, ɓarna ce tsagwaronta. Ran 30 ga Satumba 2023, Liverpool a gidan Tottenham, mai tuta ya ɗaga satar gida. Na ɗaki ya ja layi ya ga Diaz bai yi satar gida ba, amma a zatonsa an riga an ba da ƙwallon a fili, sai ya ce an gama dubawa. Alƙali ya ɗauka an tabbatar masa da satar gida, aka ci gaba da wasa. Da zarar an ci gaba kuwa, doka ta hana komawa baya. Hukumar alƙalan Ingila ta amsa kuskuren, har ta saki muryoyinsu kowa ya ji ruɗewar da suka yi. Liverpool ta sha kashi 2-1. Hoton daidai yake, layin daidai yake, mutane biyu ne ba su fahimci juna ba.

Ta yaya za a soke ƙwallon Osimhen, kuma a ba abokan hamayya fanareti?

Ku kwantar da hankalinku, ai mun ci wasan. A Bouaké ne, a kofin Afirka, Fabrairun 2024, muna gaban Afirka ta Kudu da ci ɗaya, saura kamar minti biyar. VAR ba ya kallon bugun ƙarshe kaɗai, yana komawa har inda aka karɓe ƙwallon aka fara harin. Can ya tarar Alhassan Yusuf ya yi wa Percy Tau ƙeta a cikin yadi na 18 ɗinmu. Harin da ya tashi daga ƙeta ba ya haifar da ƙwallo mai kyau, don haka aka soke, Mokoena ya farke. Da zafi, amma daidai ne. A ƙarin lokaci kuma bayan an duba hoton ne aka kori Kekana nasu, sannan Nwabali ya tare biyu a bugun fanareti.

Ni dai a gaya mini ƙa'ida ɗaya: idan ƙwallo ta taɓa hannu a yadi na 18, fanareti ne ko a'a?

Wannan ce tambayar da nake so ku riƙa yi, kuma ita ce ba ta da amsar eh ko a'a. Ku bi ni a hankali.

Ba kowace taɓawa ce laifi ba, haka doka ta ce da bakinta. Laifi ne idan ɗan wasa ya kai hannu wajen ƙwallo da gangan. Laifi ne kuma idan ya buɗe hannu ya ƙara wa jikinsa faɗi ta yadda motsin da yake yi bai buƙaci hakan ba. Na farkon da sauƙi. Na biyun ne ke raba 'yan'uwa, domin wa zai auna inda hannun mai tsalle ya kamata ya tsaya? Ka gwada yin tsalle hannuwanka a maƙale da cinya ka gani. Alƙali yakan duba nisan mai bugu da mai tarewa, da ƙarfin bugun, da ko hannun yana sama da kafaɗa, da ko ƙwallon ta fara dukan jikinsa kafin ta tashi zuwa hannu, da ko faɗuwa yake yi ya dafa ƙasa. Duk waɗannan suna sauƙaƙa laifi ko su tsananta shi, amma babu guda da za ka riƙe ka ce shi ke nan.

Ga misalin da ba ya barin zuciyar ɗan Najeriya. A Rasha 2018, muna kunnen doki 1-1 da Ajantina, Marcos Rojo ya sa kai, ƙwallo ta sauka a hannunsa. Alƙali Cuneyt Cakir ɗan Turkiyya ya je ya kalli allo, ya dawo ya ce babu, tunda daga kansa ta fito. Rojo ɗin nan ne ya ci mu a minti na 86 muka dawo gida. Ƙasa da mako uku bayan nan, a wasan ƙarshe, ƙwallo ta taɓa hannun Perisic na Kuroshiya, Nestor Pitana ya daɗe gaban allo, ya ba Faransa fanareti. Gasa ɗaya, doka ɗaya. Za a iya kawo hujjar da ta bambanta su, ni ma nakan kawo, amma ba na rantsewa a kai. A kofin Turai na 2024 bugun Musiala na Jamus ya daki hannun Cucurella na Sifen, alƙali Anthony Taylor ya ce a ci gaba, na ɗaki bai kira shi ba, daga baya hukumar ƙwallon Turai UEFA da kanta ta ce fanareti ne.

Sannan mai kai hari dokarsa daban. Idan ƙwallo ta taɓa hannunsa ta shiga raga, ko ta taɓa ya ci nan take, an soke, ko bai sani ba. Amma tun 2021, idan hannun abokin wasansa ta taɓa bisa kuskure kafin ta iso gare shi, ƙwallo tana nan. Kafaɗa kuma ba hannu ba ce, daga ƙasan hammata ake fara lissafi. Ƙari a kan haka, ba a fassara dokar iri ɗaya a ko'ina. Wanda ake busawa ranar Laraba a gasar Zakarun Turai sau da yawa a Ingila a ƙyale shi ranar Asabar.

To abin da zan iya ba ka shi ne wannan. Hannu a sama ko a ware, ƙwallo daga nesa: ka sa ran fanareti. Hannu a jiki, bugu daga kusa: da wuya. Abin da ya faɗa tsakani kuwa, duk abin da alƙalin fili ya fara yankewa shi ya fi yiwuwa ya tsaya, domin na ɗaki ba a ce ya kawo ra'ayinsa ba, an ce ya gyara kuskure bayyananne. Kada ka sa musu da kuɗinka a kai.

Me ya hana mai tuta ɗagawa da wuri?

Umarni aka ba shi. Ƙwallon da aka ci ana iya soke ta, amma harin da usur ya kashe ba ya dawowa. Shi ya sa yake jira a gama. Ni wannan tsarin yana damuna idan satar gidan a fili take. A watan Mayun 2025 Taiwo Awoniyi ya bi ƙwallon da tun farko satar gida ce a wasan Nottingham Forest da Leicester, ya daki turken raga, sai da aka yi masa tiyata a ciki.

Satar gida da ɗan yatsan ƙafa, wannan adalci ne?

A doka, eh: duk gaɓar da ake cin ƙwallo da ita ana lissafa ta, ban da hannu. A ido, a'a. Kyamarar da ke ɗaukar hoto 50 a daƙiƙa, ɗan wasa mai gudun kilomita 30 a awa yana matsawa kusan santimita 17 tsakanin hoto da hoto, ga shi ana yanke hukunci a kan abin da bai kai haka ba. Abin da ya sa a Katar 2022 aka kafa kyamara 12 masu bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa, aka sa na'ura cikin ƙwallon kanta. Firimiya ta karɓi irin wannan tsari a Afrilun 2025.

Agogon hannun alƙali da ke nuna ƙwallo ta haye layi, shi ma VAR ne?

Ba shi ba ne. Ya girme shi, tun kafin kofin duniya na 2014 ake amfani da shi.

Yaushe za mu gan shi a wasan Plateau United?

A fara da kyamarori. VAR ba ya ganin abin da ba a ɗauka ba, ga alƙalai da sai an horar, ga wutar da ba za ta ɗauke ana tsakiyar dubawa ba. Ku tuna wasan ƙarshe na Zakarun Afirka a 2019: na'urar ba ta aiki, Wydad suka ce sai an duba ƙwallonsu, suka ƙi ci gaba da wasa da Esperance. A ce akwai shi sannan ya ƙi aiki ya fi rashinsa haɗari. FIFA tana gwada wani tsari mai araha, da kyamara kaɗan, inda koci ke da damar neman a duba sau biyu. Shi ya fi kama da aljihunmu. Kafin nan dai a tabbatar alƙali zai fita daga fili lafiya in ya hana masu gida fanareti.

A soke shi mana kowa ya huta?

Wolves ta kawo wannan shawara, a Yunin 2024 ƙungiyoyin Firimiya suka kayar da ita 19 da 1. Suwidin kam ta ƙi shi, saboda can magoya baya ke da rinjaye a ƙungiyoyi. Ni ba na goyon bayan sokewa. Na ga hannun Henry na Faransa da ya hana Ailan zuwa kofin duniya a 2009, ba na kewar wannan zamanin. A rage daɗewa, a bar mu mu ji abin da suke faɗa wa juna a lokacin da suke faɗa.

Ɗan wasa zai iya tilasta wa alƙali ya je ya duba?

Ba zai iya ba. In ya matsa da zana alamar talabijin da hannu, katin gargaɗi ne. In ya bi alƙali wajen allo, katin gargaɗi ne. In ya kutsa ɗakin VAR, jan kati.