Waiwaye: Dalilin da ya sa likitocin ciwon daji ba su yi saurin sakin jiki da kwamfuta ba

A shekarar 1998 ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wata manhaja mai suna ImageChecker, wadda aka ce za ta taya likitoci duba hoton mama don gano sankara tun tana ƙarama. Likita zai gama karanta hoton da idonsa, ya danna maɓalli, sai alamomi su fito a allo: tauraro inda manhajar ke zargin ƙari, alama mai kusurwa uku inda ta hango ɗigo-ɗigon fari. Da inshorar lafiya ta gwamnati ta fara biyan asibitoci kuɗin amfani da ita, kafin ka ce kwabo ta bazu a Amurka.

Matsalar ita ce yawancin alamomin nan na ƙarya ne. Wani bincike na 2007 ya nuna cewa inda ake amfani da ita an fi sake kiran mata, an fi yankar tsokarsu don gwaji, ba tare da an samu wata riba ta a zo a gani wajen gano cutar ba. A 2015 aka sake duba hotuna sama da 600,000, aka tarar ba ta ƙara wa likitoci dacewa ba, alhali ana kashe mata fiye da dala miliyan 400 a shekara. Duk mai mamakin yadda tsofaffin likitocin hoto ke ɗari-ɗari da ƙirƙirarriyar basira ya tuna da wannan zamani. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai kuma Watson, tsarin ƙirƙirarriyar basira na kamfanin IBM. Bayan ya kayar da gwanayen gasar kacici-kacici ta Jeopardy a 2011, aka ce yanzu ciwon daji zai tunkara. A 2012 kamfanin ya haɗa kai da cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York don a koya masa zaɓen magani. Cibiyar MD Anderson ta Texas ita ma ta shiga nata aikin, ta jingine shi bayan an kashe kusan dala miliyan 62. A 2018 kafar labarai ta STAT ta fito da takardun cikin gida na kamfanin, waɗanda suka nuna cewa manhajar ta ba da wasu shawarwari masu haɗari. A wani gwaji, wanda ba a kan majinyaci na gaske ba ne, ta zaɓa wa mai sankarar huhu da ke zubar da jini maganin da kan tsananta zubar jinin. An kuma gano cewa yawancin darasinta daga labaran majinyata da aka tsara ne, bisa ra'ayin likitocin asibiti guda. Likitocin wasu ƙasashe sun yi ƙorafi mai ma'ana: in ta faɗi abin da suka sani, ba ta ƙara musu komai ba, in kuma ta saɓa musu, salon Amurka take kawowa, wani lokaci da maganin da babu shi a ƙasarsu. A 2022 IBM ya sayar da babban kaso na sashensa na lafiya.

Ana cikin haka, a 2016, Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin iyayen wannan fasaha, ya ce a daina horas da likitocin hoto, domin cikin shekara biyar kwamfuta za ta fi su. Maganar ta yi wa ma'aikata ciwo, ta kuma sa ɗaliban likitanci shakkar shiga fannin. Shekarun sun wuce, kuma har yau ƙarancin likitocin hoto ake kuka da shi a Ingila da Amurka.

Akwai wata damuwa da ta shafe mu kai tsaye. A 2017 masana a Jami'ar Stanford suka koya wa kwamfuta gane sankarar fata da hotuna kusan 130,000, ta kuma yi kafaɗa da kafaɗa da ƙwararru 21. Amma fatar wa aka nuna wa irin waɗannan manhajoji? Wani nazari na 2021 ya duba rumbunan hotunan da ake koyar da su, ya tarar cikin hotuna 2,436 da aka rubuta launin fatar mai su, 10 ne na masu fata ruwan ƙasa, ɗaya tal na baƙar fata. A wurin baƙar fata kuwa, muguwar sankarar fata ta fi fitowa a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce. Likitan da ya ƙi dogara da manhajar da ba ta taɓa ganin fatar majinyacinsa ba, gaskiya ce ke gare shi.

Inda zukata suka fara laushi, wuri ne da babu tallan azo-a-gani: ɗakin gashi, inda ake ƙona ƙari da haske. Kafin a gasa ƙari, sai likita ya zauna gaban kwamfuta yana zagaye kowace gaɓa mai lafiya da layi, hoto bayan hoto, don kada hasken ya ƙona ta. Aikin majinyaci ɗaya kan ci daga minti 20 zuwa awa uku. A asibitin Addenbrooke's na Cambridge, likitoci da kansu suka jagoranci samar da manhajar OSAIRIS da ke yin zanen farko, likita ya duba, ya gyara, ya sa hannu. Ma'aikata sun karɓi irin wannan domin idonsu na ganin kuskure nan take, kuma hukunci na ƙarshe yana hannunsu.

Sannan a watan Agustan 2023 sakamakon gwajin MASAI, na duba hoton mama, ya fito daga Suwidin, ƙarƙashin jagorancin Kristina Lång ta Jami'ar Lund. An raba mata sama da 80,000 gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A rukunin da kwamfuta ta taya karatu an gano sankara 244, a wanda likitoci biyu suka karanta kamar yadda aka saba an gano 203, kiran banza bai ƙaru ba, nauyin karatun hotuna kuma ya ragu da kashi 44 cikin ɗari. Irin hujjar da likitoci suka shekara fiye da ashirin suna nema ke nan, kuma gani ya kori ji. A 2025 Birtaniya ta sanar da nata gwajin, EDITH, da mata kusan 700,000.

Yanzu fargabar ta sauya kama. An rage tambayar ko kwamfuta za ta ƙwace aiki, an koma tambayar wa zai ɗauki alhaki in ta yi kuskure, da kuma me za ta yi wa idon likita. Wannan ta biyun ita ta fi tsaya min a rai. A Jamus, a 2023, an ba likitoci 27 hotunan mama tare da shawarar da aka ce ta kwamfuta ce, aka cusa kuskure da gangan a wasu. Sababbin hannu da ke dacewa kusan kashi 80 suka faɗo ƙasa da 20 a inda shawarar ta karkace, manyan gwanaye ma suka sauko daga kusan 82 zuwa 45. A Folan kuma, a wani bincike da aka wallafa a 2025, an bi diddigin ƙwararrun da ke leƙa hanji da kyamara don neman tsiron da kan rikiɗe ya zama sankara. Kafin a kawo musu manhaja suna gano tsiro a kashi 28 na waɗanda suka duba. Bayan 'yan watanni suna aiki da ita, a duban da suka yi ba tare da ita ba, abin ya koma kashi 22.