Dokar fakin a Shikago lokacin ƙanƙara, da maganar kujerun da ake jerawa a titi

Duk mai mota a birnin Shikago na Amurka ya riƙe 1 ga Disamba a ransa, don daga ranar har 1 ga Afrilu akwai manyan tituna, tsawonsu a haɗe mil 107, da ba a yarda mota ta kwana a kansu ba daga ƙarfe 3 na dare zuwa 7 na safe. Inda baƙi ke ruftawa shi ne dokar nan ba ruwanta da ko ƙanƙara ta zuba ko ba ta zuba ba, gari wasai titi a bushe amma kafin ka tashi sallar asuba an zo an ja motar. Kuɗin ja aƙalla dala 150, ga tarar dala 60, ga kuɗin ajiya da ke hawa kullum, kuma kai za ka bi ta can inda suka kai ta cikin wannan sanyin.

Ba haka kawai suka ƙirƙiro ta ba. A Janairun 1979 ƙanƙara ta binne garin, motoci suka maƙale ko'ina, masu share titi suka rasa hanyar wucewa, mutane suka fusata har magajin gari Michael Bilandic ya sha ƙasa hannun Jane Byrne a zaɓen fidda gwani na watan da ya biyo baya. Tun lokacin ba magajin garin da ke wasa da ƙanƙara.

Akwai doka ta biyu, ita kam sai ƙanƙarar ta kai inci 2 take aiki, ta shafi wasu titunan kusan mil 500. Allon yana nan jikin turke, a daure a ɗaga kai a karanta kafin a kashe mota.

Gaban gida ma naka ne ka share. In ta zuba tsakanin 7 na safe da 7 na yamma a kwashe kafin 10 na dare, in cikin dare ta zuba kafin 10 na safe, a buɗe hanya mai faɗin ƙafa 5 yadda mai keken guragu ko mai tura jariri zai wuce. Tarar ƙin yi tana kaiwa dala 500.

Toh sai babbar rigimar unguwa. Mutum ya fito da shebur ya yi ta haƙa hannu na daskarewa har ya ciro motarsa, zai tafi aiki sai ya ajiye tsohuwar kujerar roba ko bokiti ko teburin guga a gurbin, wai kar kowa ya shiga kafin ya dawo. Su suna ce mata dibs, al'ada ce tsohuwa, amma a doka kujerar nan ba ta ba ka komai, titi na kowa ne kuma tare shi da tarkace laifi ne. Ni dai ina tausayin wanda ya sha wahalar haƙa, kuma in ka ga gurbin dattijuwar maƙwabciyarka ce wallahi kunya ma ta isa ta hana ka janye kujerar. Abin da ba zan taɓa goyon baya ba shi ne masu barin kujera sati guda ƙanƙara duk ta narke, da masu fasa taya ko kankare fentin motar wanda ya shiga, wannan ɓarna ce kuma maganar 'yan sanda ce.

A birnin Boston su sun yanka wa abin wa'adi, awa 48 bayan an janye dokar ta-ɓacin ƙanƙara, a unguwar South End ma sun hana baki ɗaya. A Shikago hukuma kan kau da kai na 'yan kwanaki, daga baya ta sanar da ranar da masu kwasar shara za su fara lodin kujerun, wanda kuma aka tare masa layi ya kira 311, lambar kai koke ga hukumar birni, ya kai ƙara.